Turakun Ƙarfe a Kan Tudu

Gure, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Hamsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Garbai da yara da duk mutanen Kwarin Goriba. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ke gaban ruwa. Na kira wayarki har na gaji. Ɗan Talata direba ya ce sai mutum ya hau tudun bayan garinku yake kama rezo, wato layin waya, can ma rabin gari na tsaye suna jin abin da yake faɗa. To ga takarda, tunda ajin yaƙi da jahilci ya sa kin fi ni iya rubutu.

Roƙo na zo da shi, kada ki ɗaure fuska tun ban faɗa ba. An rufe lise, makarantarsu ta sakandare, na san kuna jiran ɗanki Tahiru ya komo noma. Don Allah ki bar mini shi a Gure har a gama gasar ƙwallo ta damina.

Kin san Matasan Tudu, ƙungiyar unguwarmu da nake horarwa in na tashi daga kan keken ɗinki. Bara mu ne na ƙarshe. Sunan da aka laƙa mana a gari Rariya, wai komai aka zuba mana sai ya wuce. Har masu kawo mini ɗinki suna cewa, "Malam Fannami, Allah ya sa aljihun bai yi halin ragarku ba." Bana kuma komiten gasa ya ce wanda duk ya zo na ƙarshe za a fitar da shi, kuma filin da ba shi da turakun raga na ƙarfe ba za a buga a cikinsa ba. Mu kuwa namu itacen goriba ne da igiya a sama. In ƙwallo ta wuce sai musu, wannan ya ce ta saman igiya ta bi, wancan ya ce ta ƙasa. Bara har kan wani aka fasa.

Sai ga shi Allah ya dube mu. A kasuwar Gidigir na gamu da wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa, yana da bututai dogaye, ko tsatsa ba su yi ba, kuma bai tsananta ba. Lawali mai walda ya yanka ya haɗa, muka shafa farin fenti, muka kafa su da siminti a filinmu na kan tudu. Yaya, tun daga tasha ana hango su! Tsofaffin da ba su taɓa kallon ƙwallo ba sai da suka hau suka shafa.

Ɗanki ne mai tsaron gidanmu yanzu. Wallahi ban san inda ya samo hannuwan nan ba, a gidanmu dai ba wanda ya iya cafe ko lemo. Jiya mun kara da 'yan Tasha, waɗanda suka zuba mana shida bara, aka tashi ba ci. Ba ci, Yaya! Yara suka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar gida. Ni kuwa na koma bayan shago na share hawaye, kada a gani a ƙara mini wani suna.

Ki lallashi Malam Garbai. In ana neman hannu a gona, ni zan sa a yi masa gayya. A gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Fannami

Kwarin Goriba, ranar Alhamis

Zuwa ga Fannami,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kuna lafiya. Maigida yana gaishe ka, yara ma haka.

Kai dai har ka yi furfura ba za ka rabu da ƙwallo ba. Mutum da iyalinsa yana kuka a bayan shago don ba a ci shi ba! Maigida ya ce yaron ya zauna, amma ya riƙa salla a kan lokaci, kuma ba ya son gayyarka, ya ga irin noman 'yan ƙwallo.

Mu nan muna cikin wahalar ruwa. Famfon garinmu ya lalace tun kafin azumi. Makanise mai gyaran famfo ya zo ya zaro bututan daga rijiyar, ya jera su a gefe, ya ce zai je Damagaram neman abin da ya karye. Kafin ya dawo aka kwashe su kaf. Yanzu sai tsohuwar rijiya ta can bayan tuddai muke zuwa, ruwan nan mai ɗanɗanon kanwa. Wuyana har ya sage da ɗaukar tulu.

An yi cigiya a kasuwar Bune, ba wanda ya ce ya gani. Shi ne mata suka taru suka je wurin Baba Manzo, babban maƙeran garin nan. Kai ka bar ƙauye da wuri, wataƙila ka manta al'adar gidansu. In aka saci abin ƙarfe, aka yi cigiya ba a dawo da shi ba, sai babbansu ya saki tsawa. Ita kuma ba ɓarawon take nema ba. Ƙarfen take bi, duk garin da aka kai shi, ta faɗa a kansa da duk wanda ta iske kusa da shi. Liman ya ce a bari, ba kyau, a bar wa Allah. Mata suka ce liman ba ya ɗaukar tulu. Ni ma ina cikin waɗanda suka je, har na fi kowa ɗaga murya.

Fannami, tun da na karanta takardarka abinci bai yi mini daɗi ba. Na karanta wurin nan na bututai har takardar ta yi laushi. Ina ta ce wa kaina ƙarfe ya yi yawa a duniya, ba namu kaɗai ba ne. Amma ka ce dogaye ne, ka ce ba su yi tsatsa ba, ka ce mai su bai tsananta ba. Namu suna da alama. Mutanen gari sun zagaya kowane ɗaya da shuɗin fenti kusa da baki, kamar zobe.

Ka gaya mini gaskiya, don girman Allah, naku suna da shuɗi kafin ku shafa fari? Ban faɗa wa maigida ba. Kada ka kira waya, ka ba Ɗan Talata amsa a hannu.

Allah ya tsare mu da abin ƙi. A gaida Fa'iza da yara.

Yayarka,
Hamsatu

Gure, ranar Asabar

Yaya Hamsatu,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

Haba Yaya! Ke da kika yi karatu, ke ce za ki zauna kina auna tsawa da maganar tsohon maƙeri? Tsawa ta Allah ce, ba akuyar Baba Manzo ba ce da zai kwance ya ce je ki Gure. Kuma ni ba ɓarawo ba ne. Da rana tsaka na saya, a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo.

Nan na tsaya jiya, na ajiye biro don in je fili. Yau na dawo in ƙarasa, kuma ba zan yaga na sama ba, ki ga yadda na so in yi miki.

Akwai shuɗin. Na gan shi tun ranar da na saya, ban ɗauke shi komai ba. Ni da hannuna na shafe shi da fari.

Jiya muna cikin horo hadari ya taso daga gabas. Ba wani babba ba ne, ko ruwa bai yi ba. Aka yi walƙiya can nesa, na juya, sai ga Tahiru ya jingina da turke yana ɗaure takalmi. Yaya, nan take na tuna maganarki. Na daka wa yaran tsawa na kore su gida, suna ta mamaki, don sun saba ko ana ruwa ba na barin su tafi. Filin nan shi ne wuri mafi tsawo a unguwarmu. Dā abin alfaharina ke nan.

Na koma Gidigir neman mai ƙarafan. Maƙwabtan rumfarsa sun ce baƙo ne, kasuwa ɗaya ya ci, ba wanda ya san garinsu.

Na san abin da za ki ce: a tuge a mayar. Ki saurare ni tukuna. An yanka su, an yi musu walda, ba za su koma rijiya yadda suke ba. In na kawo su garinku, ni ne ɓarawo a idon kowa, ke kuma yayar ɓarawo a gidan miji. In na tuge su, komite zai rufe filinmu, a ba abokan karawarmu sauran wasannin ba tare da an buga ba, mu zo na ƙarshe, a fitar da mu. Ranar Laraba mun ci 'yan unguwar Kwari biyu da ɗaya, cinmu na farko cikin shekara biyu. Yaran nan da dā ba su da aiki sai zaman bakin tasha, yanzu da asuba suna gudu a kan yashi. Wasa biyu ya rage mana. Biyu kacal.

Ga abin da nake roƙo. Ki je wurin Baba Manzo, ke kaɗai, kada ki ambaci sunana. Ki ce kin ji ƙishin-ƙishin za a dawo da kayan, ya dakata har a gama gasa. Ranar da aka busa wasan ƙarshe, da kaina zan tone su in kawo, a kira ni duk sunan da aka ga dama.

Kada Tahiru ya ji. Mai tsaron gida in ya fara waiwaye, an gama da shi.

Ki yi mini addu'a, ba na barci. A gaida maigida.

Fannami

Kwarin Goriba, ranar Litinin

Fannami,

Salamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku da rai da lafiya, yau ban san wata gaisuwa da ta wuce wannan ba.

Na je. Na iske shi a maƙera yana gyaran hauya, ko kai bai ɗaga ba. Na faɗa masa yadda ka ce. Ya ce, "'Yata, kin makara. Tun ranar Juma'a abin ya fita hannuna. Sai ƙarfen ya dawo ƙofar nan na gan shi da idona, sannan in kwance." Na ce to in wanda ke kusa da shi bai san komai ba fa? Ya ce ita ma tsawar ba ta san shi ba. Ya ci gaba da bugun hauyarsa.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Ni na ja matan nan zuwa ƙofarsa, Fannami. Ni na ce masa ya saki, kada ya ji tausayin kowa.

Yanzu ba ni da aiki sai kallon sama. Hadarin da duk ya wuce ta kanmu, sai in bi shi da ido in ga ko wajenku ya nufa. Mutane na murna damina ta kankama, gero ya yi kyau, ni kuwa in na ji rugugi sai in bar abin da nake yi in fito waje. Shekaranjiya na saki tulu a hanya ya fashe. Maigida ya fara tambaya ko ba ni da lafiya.

Ka ce tsawa ta Allah ce. Na yarda, ni ma Musulma ce. To me ya hana ka barci?

Ka san ɗan fari ne, tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ko a takarda. Yau zan rubuta. Tahiru. Ka fitar mini da Tahiru daga tsakanin ƙarafan nan. Ban ba ka shi don ka kafa shi a kan tudu ba. Shekara biyu ba ku ci wasa ba, wa ya mutu? Rariya suka ce muku, to su ce! Ni na yarda a kira ni yayar ɓarawo har in mutu. Ka cire shi, ka sa wani.

Astagfirullah. Na rubuta "ka sa wani", na zauna ina kallon kalmar. Wanin nan ɗan wace ce? Ni dai nawa na sani, Allah ya yafe mini.

In takarda ta gaba ba ta ce kun tuge ba, zan hau motar Ɗan Talata in zo in tsaya a tsakiyar filin in faɗa da bakina.

Allah ya kiyaye.

Hamsatu

Gure, ranar Alhamis

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba da ƙannena. Ina lafiya, ina salla a kan lokaci kamar yadda Baba ya ce.

Inna, ki yi haƙuri, na sani. Ba Kawu Fannami ne ya gaya mini ba. Ɗan Talata ya ba da labarin famfonmu da Baba Manzo a teburin mai shayi, ana ta dariya. Ni ban yi dariya ba, don a famfon nan na girma, na san zoben shuɗin da ke jikin bututansa. Na hau fili ni kaɗai na kankare fenti da makulli, na ga shuɗin.

Jiya Laraba Kawu ya ajiye ni a benci, ya ce wai kafaɗata ba ta da lafiya, alhali lafiyarta lau. Ya sa Husseini. Inna, Husseini abokina ne, shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarsa, ita ce mai kawo mana ruwan sanyi in an tafi hutun rabin lokaci. Bai san komai ba, murna yake ta yi an ba shi dama. Akwai ɗan gajimare a sama. Duk lokacin da ya dafa turke sai in ji kamar in yi ihu. Kawu kuwa ko ƙwallon bai kalla ba, sama yake kallo. An ci mu uku. Wallahi gara mini tsayuwa a ragar sau goma da zaman bencin nan.

Da muka koma gida na ce wa Kawu, wasan ƙarshe ni zan tsaya. In ya ƙi, zan je in gaya wa mahaifiyar Husseini dalilin da ya sa aka ba ɗanta raga. Bai taɓa jin na yi masa magana haka ba. Ya ce to.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Na tambayi malaminmu na masallaci, ban faɗi dalili ba, ya ce ba mai sakin tsawa sai Allah. Hankalina ya ɗan kwanta. Sai na tuna mushenmu, wato malaminmu na lise, ya taɓa cewa ƙarfe a wuri mai tsawo yana jan tsawa, ko na sata ne ko na halal. Kin ga ko ta ina na bi, wurin ɗaya nake komawa.

Amma Inna, ranar Lahadi da 'yan Gidigir za mu buga. In mun ci mun tsira, in ba mu ci ba an fitar da mu. Yaran nan tare muka yi ta gudu a kan yashi har wasu na amai. Ba zan iya ce musu na fasa ba, ba zan kuma iya ce musu dalili ba, don ranar za a watse. Wasa ɗaya ne. Wataƙila ma ba za a yi hadari ba.

Don Allah kada ki zo. In na gan ki a bakin fili ba zan iya kama komai ba. Ki yi mini addu'a daga nan, kuma ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Ɗanki mai biyayya,
Tahiru

Gure, ranar Talata

Yaya Hamsatu,

Salamu alaikum. Tahiru lafiyarsa lau. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Yana cikin motar da ta kawo takardar nan, shi da bututanku.

Ranar Lahadi gari ya waye tas, ko ɗigon gajimare babu. Na ce Alhamdulillahi, Allah ya rufa mana asiri. Bayan la'asar filin ya cika har ba wurin tsayawa, 'yan Gidigir sun zo da motoci da ganguna, unguwarmu kuwa har da matan da ba su taɓa hawa tudun ba. Kafin hutu muka ci ɗaya. Ɗanki ya kaɗe wasu ƙwallaye biyu da har yanzu ban san yadda ya yi ba. Mutanen da ke kiranmu Rariya su ne ke kiran sunana.

Aka juya, Tahiru ya koma ragar gabas. Ina tsaye ina kallonsa, sai na ga bayansa ya fara duhu.

Kin san irin hadarin nan da ke tasowa baƙi ƙirin, ƙasansa ja. Iska ta ɗauke ɗif. Awaki suka bi hanyar gida da gudu. Ba wanda ya kula, kowa na kan ƙwallo, sai ni da shi. Na ga yana fitowa gaba-gaba, yana nesa da ragar, har 'yan baya suna yi masa faɗa ya koma. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya, amma na ga yana goge tafin hannunsa a wando ba ƙaƙƙautawa.

Na ce wa raina saura kaɗan. Na tambayi na kusa da ni lokaci, ya ce 'yan mintuna ne. Na ce ya Allah, 'yan mintuna kawai.

Sai 'yan Gidigir suka samu kwana. In za a bugo kwana, dole mai tsaron gida ya koma jikin turke. Ya koma. Ya ɗora hannunsa a kan ƙarfen yana jera 'yan bayansa. Aka yi wata walƙiya da ta haske filin fari fat. Na juya don kada in gani, sai idona ya faɗa ɗaya ragar. Golan Gidigir, wani siririn yaro da ban san ko sunansa ba, ya rungume turke yana hutawa. Yaya, duk kwanakin nan ban taɓa tuna cewa raga biyu ce ba.

Ban san lokacin da na shiga filin ba. Na ɗauke ƙwallon daga wurin kwana na rungume, ina ihu kowa ya bar jikin ƙarfe. Alƙalin wasa yana busa, yana ce mini in fita. Yaranmu suka riƙe ni, "Koci, lafiya? Mu ke ci fa!" Na ga ba mai motsawa. Sai na faɗa, da iyakar muryata. Na ce ƙarfen nan na sata ne, na famfon Kwarin Goriba ne, maƙera sun saki tsawa a kansa.

Kafin in rufe baki filin ya watse. Mata na jan yara, ganguna a yashe, wani ya bar takalmansa. Golan Gidigir ya fi kowa gudu. Tahiru kaɗai ya tsaya inda yake, sai da na je na fizgo shi da ƙarfi.

Muka tsaya can gindin tudu muna jira. Hadarin ya yi rugugi, ya yi rugugi, sannan ya karkata arewa. Ɗan yayyafi ya sauka, ko ƙura bai kwantar ba. Rana ta fito. Turakun nan suna tsaye fari tas, ba abin da ya taɓa su.

Alƙali ya ba 'yan Gidigir wasan, tunda mai horo ne da kansa ya tsayar. Jiya komite ya fitar da mu. Jandarmomi sun kira ni, na faɗi yadda na saya, suka ce in tafi za su neme ni. A unguwa wasu na cewa ɓarawo, wasu na cewa mahaukaci, mahaifiyar Husseini kuwa ta zo har shago ta tsaya ta dube ni, ta juya ta tafi. Wannan ya fi mini zafi. Yara ba wanda ya zo tonon turakun. Ni da Lawali muka fara, can sai ga Tahiru da diga. Da zai hau mota na miƙa masa hannu, ya karɓa don kunya, ya ce, "Kawu, da ka bari minti biyar."

Ban sani ba, Yaya. Wataƙila da na bari. Ki kai wa Baba Manzo kayansa ya kwance abin da ya ɗaura. Ki ba Malam Garbai haƙuri, ki ba matan garinku haƙuri.

Ƙanenki,
Fannami

Kwarin Goriba, ranar Juma'a

Fannami,

Wa'alaikumus salam. Sun iso lafiya, shi da kayan. Maigida ya ce ba ya riƙe da kai. Makanise ya ce yankakkun ba za su koma rijiya ba, har yanzu tulu muke ɗauka.

Na bi amalanken da ya kai su maƙera. Da mutane suka watse na ce wa Baba Manzo ya kwance. Ya dube ni, ya ga yadda na rame, sai ya rage murya. Ya ce, "'Yata, ba abin da zan kwance. Ban saki komai ba. Ubana ma bai taɓa saki ba. Faɗa kawai muke yi, kaya kuma suna dawowa. Ki riƙe bakinki." Har da 'yar dariyarsa.

Na so in ɓoye maka, na ga ba zan iya ba, kai ka rasa komai a kan maganar nan. Yaron ban gaya masa ba, kai ma kada ka gaya masa. Yana dai cin tuwo, da safe ya bi ubansa gona. Yanzu haka yana kwance a rumfa yana barci, ina jin numfashinsa daga inda nake rubutu.

Ka yafe mini, ƙanena. Amma wallahi ko yau aka sake, abin da zan ce maka ke nan.

Allah ya saka maka. A gaida Fa'iza da yara.

Yayarka,
Hamsatu